Kwakwar da Na Sha a Bakin Tekun Nansha

Sanyuanli, Guangzhou
6 ga watan Ramadan

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Yaya Maijidda.

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigida da yara. Ya ibada? Allah ya karɓa mana, ya ƙara wa Hajiya lafiya, ya sauƙaƙa mata ciwon gwiwar nan. Na ji Saffana ta sauka lafiya, an sami namiji, Allah ya raya shi bisa sunna. Ni ma jikina ƙalau, hankalina ne ya ƙi kwanciya. Da biro na rubuta, zan ɗauki hoton takardar in turo miki, don kin san ni: in na danna saƙon murya, bakina ya kan riga tunanina isa.

Yau kwana biyar Hajiya ba ta ɗaga kirana ba. Abin da ya iso ni kawai saƙon da ta bayar ta bakin Kawu Kallamu, wai in sayar da kekena, in janye daga gasar da nake shirin shiga, in ba haka ba kada in ƙara kiranta. To kowa a gidanmu ya faɗi nasa a kan bidiyon nan da na ɗora a waya, ni kaɗai ne ba a tambaya ba. Ga yadda abin ya faru.

In sabuwar shekarar 'yan China ta zo, garin nan mutuwa yake. Masu ɗinka jaka a Shiling sun tafi ƙauyukansu, manyan kantunan Guangyuan a garƙame, ko allura ka nema sai a ce maka "meyo", wato babu. Mu masu ɗaure wa 'yan kasuwa kaya sai muka sami hutun sati biyu. Ni kuwa wata takwas ke nan ina shirin wata gasa da za a yi bayan Sallah: a yi iyo kilomita ɗaya da rabi, a fito a hau keke kilomita arba'in, a sauka a yi gudun kilomita goma. Na ƙudurta a hutun nan sai na tuƙa keke har bakin teku a Nansha, tafiyar wajen kilomita saba'in.

Ranar da za a duba wata, limamin masallacin da muke salla a nan ya ce ba gobe ba, sai jibi. Na yi isha, na kashe waya, na kwanta. Yaya, awa bakwai muke gaba da ku. Lokacin da aka yi sanarwar ganin wata a gida, nan ƙarfe uku ya kusa, ina barci. Da asuba na yi salla na hau keke. Har rana ta take ina tafiya, cinyoyina kamar an zuba musu barkono, sai ga ruwa a gabana, babu ƙarshensa, jirage a can nesa kamar unguwanni na tafiya. Ni ɗan Fagge da ban taɓa ganin ruwan da ya wuce Tiga ba! Na sayi kwakwa a wajen wata tsohuwa, na kafa kai ina sha, na ɗauki bidiyo, na ɗora a waya kowa ya gani. Ban lissafa ba, sha biyun rana a nan biyar ɗin asuba ce a Kano. Duk dangi na zaune a kan tabarmar sahur ɗin farko da waya a hannu, ga Sharfaddeen da rana tsaka yana ɗaɗɗakar ruwan kwakwa yana cewa alhamdulillahi.

Wanda ya fi kowa ƙona min rai Kawu Kallamu ne. Yana da lambata. Maimakon ya kira ya ce kai wane me ke nan, sai ya kwashi bidiyon ya zuba a zauren dangi na waya, ya rubuta cewa ga abin da zaman China yake mai da ɗan Musulmi, har ya ƙara da cewa kayan jikina ko ɗan dambe ya fi ni sutura. Wandona ya wuce gwiwa, ki sake dubawa! Rigar ce ta matse, na yarda, don in ka sa babba iska ce za ta cika ta kamar buhu. Mutumin da sau uku yana zuwa garin nan, ina ɗaukar masa jaka daga Shiling zuwa masauki, yau shi ne bai san bambancin lokaci ba? Shi ne na mayar masa a gaban kowa cewa kafin ya fara fatawa ya fara koyon duba agogo. Wannan kam na yi kuskure. Harouna, ɗan Maraɗin da muke ɗaki ɗaya, ya ce a maganar wata ina da gaskiya, a maganar Kawu kuma ni ne jakin. Sau biyu na tura wa Kawu ban haƙuri, ya buɗe, bai amsa ba.

Makarantar boko a aji uku na bar ta, amma ban bar karatu ba. Na duba abin da malamai suka rubuta, na kuma je na tambayi liman. Ya ce wanda ya bi mutanen garin da yake zaune bai sha azumi ba. Duk da haka zan rama ranar bayan Sallah, don zuciyar Hajiya ta kwanta.

Kuma ba wasa ne ya kai ni keken nan ba. Baba yana da shekara hamsin da biyu hawan jini ya kayar da shi a ƙofar shago, ke kika riƙe kansa. Shekara huɗu na yi a nan ina zaune a kan kwali ina cin shinkafa da mai, har ya zama hawa bene na biyar sai na tsaya sau biyu ina haki. Yanzu a guje nake hawa. Tun ranar da saƙon Hajiya ya zo ban taɓa keken ba, yana jingine a bayan ƙofa. Sai in tashi, in zauna, in leƙa taga, in sauka ƙasa in sake hawowa. Harouna ya ce in ban daina zagaye ɗakin ba zai ɗaure ni da igiyar kaya.

Ranar Juma'a ake rufe rubuta sunan masu shiga gasar. Don Allah, Yaya, ki je gida gobe bayan azahar, kafin gidan ya cika da masu girkin buɗa-baki, ki zaunar da ita ki karanta mata takardar nan, kada ki tsallake ko layi ɗaya, har inda aka kira ni jaki. In ta gama ji ta ce in bari, wallahi na bari, akwai mai son keken a ƙasan benenmu. Zai min ciwo, zan yi ta mita wata guda, amma zan bari. Abin da ba zan iya ba shi ne a yanke min hukunci da saƙo. Daga bakinta nake so in ji.

Ki gaida maigida, da Nana Khadija, da Umar Faruƙ, da mai jego da jaririnta. Ki gaida Kawu Kallamu, da gaske nake. Hajiya kuwa ba zan ba ki gaisuwarta ba, ni zan gaishe ta da kaina. Ki ce mata daga azahar ɗinku wayata na hannuna, ta kira ko da faɗa za ta yi, ba zan ce uffan ba sai ta gama.

Ƙaninki mai baki,
Sharfaddeen