An Hau da Teburin Yanka Bene

Yaya,

Ina gaishe ki da kyau. Ya jikin Inna, ƙafar tana barinta barci? Ki shafa min kan yara.

Ni lafiya lau nake, kada ki tayar wa Inna da hankali. Rigunan da na zana wa masu keken guragu irina sun karɓu: gaba gajere, baya dogo, ba maɓallin da zai wahalar da mai hannu ɗaya. Har hotona aka manna a ƙofar shagon.

Sai dai makon jiya an kwashe teburin yanka da zane-zanena an hau da su bene, ga shi ginin ba lif. Da na tambayi mai shagon, sai ta dafa kafaɗata ta ce, "Ki huta, ai ke ce fuskarmu." Yanzu a bakin taga nake wuni, ina jin ƙarar almakashi a saman kaina. Telolin da muke cin abinci tare sun daina haɗa ido da ni.

Jiya aka kawo wata kyakkyawar yarinya a keke, ko zare ba ta iya sa wa allura ba. Aka gwada mata rigar da na ɗinka wa kaina. Ta yi mata daidai, Yaya.

Wataƙila zargina ne kawai. Amma in maƙwabcin nan ya sake taya keken ɗinkina, ki ce ba na sayarwa ba ne. Ki sa masa mai, ki lulluɓe.

Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki