Ɓarin Katakon da Ke Ƙetaren Gada

Litinin, 3 ga Oktoba, 1994

Sanyi ya shigo. Na hura murhun itace, karon farko tun rasuwar mijina Arvo. Ina shan kofi na ji ƙas! daga bango. Jitarsa ce. Fuskar ta tsage a tsakiya, daidai inda ya haɗa katako biyu da gam.

Ni ban iya kiɗa ba, in ya jona ta da lantarki ma fita nake yi. Amma da hannunsa ya yi ta. Katakon bishiyar mapul ne, tun yana aiki a kamfanin jita a Kalamazoo ya ajiye shi, muna sabon aure. Mai ratsi. In ka karkata ta gaban taga sai ratsin ya riƙa tafiya kamar ruwan tafki. Jan fentin ya koɗe, yanzu kalar zuma ce.

Ɓari biyun dai ba su dace ba. Na hagu ratsinsa manya, na dama ƙanana. Mutumin da ko cokali ya gani a karkace sai ya gyara! Na taɓa tambayarsa, ya ce ɗan'uwan ne ya fashe a bakin zarto.

Alhamis, 6 ga Oktoba

Waino, ƙanin Arvo, ya kai ni garin Soo, bakin iyakarmu da Kanada, wurin mai gyara. Tun a hanya yake ta kame-kame.

"Matar Yaya, mu kai ta Marquette mana, can sun fi iyawa."

"Duk nisan nan? Ko bazawara ka ajiye a can?"

"Wa zai kula ni da haƙori uku?"

"Huɗu ne, kar ka rage wa kanka daraja."

Bai yi dariya ba.

Mai gyaran sunansa Gaetan, gemu kamar tsintsiya. Ya juya jitar a ƙarƙashin fitila ya daɗe. Ya ce gam ɗin na fatar dabba ne irin na da, zai haɗu lafiya lau. Ya ce a sana'arsu katako ɗaya ake tsagawa biyu, a buɗe kamar littafi, kowane ɓari ya zama madubin ɗan'uwansa. Na ce na sani, da mai sana'ar na tsufa. Sai ya ce, "Mama, ai na san 'yar'uwar wannan."

Wai akwai wani mutum daga ƙetaren gada, gefen Kanada, da ke kawo masa tasa. Ɓarin hagun tawa da ɓarin daman tasa daga katako ɗaya suka fito, har wani ɗan baƙin tabo da ke kusa da wuyan, shi ma yana can. Ɗaya gefen ma haka. "Wanda ya yi su katako biyu ya tsaga, ya musanya. Da gangan ne, Mama, ba kuskure ba."

Na ce ya sunan mutumin.

"Wes. Ya ce babansa ne ya yi masa."

Waino yana ta kallon rufin shago kamar an rubuta masa wani abu a can.

Juma'a, 7 ga Oktoba

Na wanke tagogi duka, har waɗanda ba su yi datti ba.

Lahadi, 9 ga Oktoba

Wesley. Bari in rubuta sunan, tunda wanda ya hana yana ƙarƙashin ƙasa. Ɗana, shi kaɗai na haifa. Da aka kira shi soja lokacin yaƙin Vietnam ya ce ba za shi ba, ya tsallaka Kanada. Arvo tsohon soja ne. Ya tsaya a ƙofar coci gaban mutane ya ce ba shi da ɗa. A gida ya ce duk ranar da na ambaci sunan, in haɗa kayana. Na bi. Na haɗiye. Ko da gwamnati ta yafe wa waɗanda suka guje wa yaƙin, na kalle shi, ya kawar da kai, na yi shiru. Na ɗauka zuciyarsa ce ta ƙone, na ce kar in ƙara masa.

Yau bayan sujada na tare Waino a bayan coci.

"Faɗa min, ko in tambaye ka gaban fasto."

"Matar Yaya, rantsar da ni ya yi."

"Ya mutu, rantsuwar ta bi shi. Yi magana, tsohon banza."

Ashe kamun kifin da shi da Arvo suke zuwa duk bazara da kaka, ba kifi ba ne. Gada suke tsallakawa. Tun shekara ta biyu da tafiyar yaron. Kifin da suke kawo min a hanya suke saya. Jitocin ma a rumfar Waino ya yi su, guda biyu, ya kawo ɗaya gida ya rataye min a gaban ido.

Na ce, "To ni me ya ce masa game da ni?"

Waino ya murza hularsa har ta kusa yagewa.

"Ya ce ba ki huce ba tukuna."

Ni!

Talata, 11 ga Oktoba

Pasti nake yi musu in za su tafi, ƙullin fulawa da ake gasawa cike da nama da dankali da albasa. Arvo ya ce in riƙa ƙarawa, iskar tafki na sa yunwa. Ina ƙarawa. Ɗana na cin abincin hannuna yana tunanin ba na son ganin fuskarsa.

Na kwashe sandunan kamun kifin na watsar bayan rumfa.

Laraba, 12 ga Oktoba

Waino ya zo da itace, ban ce ya shigo ba. Daga bakin ƙofa yake ta ba wa wansa kariya. Wai Arvo ya so ya faɗa min, amma ya riga ya yi magana gaban jama'a, kuma kowace shekara ta wuce sai abin ya ƙara nauyi. Na ce nauyi a kan wa?

Sai ya ƙara da wanda ya fi. Ranar jana'iza Wesley ya zo. Yana cikin mota a tsallaken titin maƙabarta, bai fito ba, don kar ya ɓata min rai. Na tuna motar. Shuɗiya. Har na ce a raina wane mara kunya ne ya bar injinsa a kunne.

Lahadi, 16 ga Oktoba

Ban je coci ba, ban je kabari ba. An riga an sassaƙa sunana kusa da nasa a jikin dutsen. Ya zauna can shi kaɗai ya ji yadda ake ji.

Alhamis, 20 ga Oktoba

Gaetan ya bugo waya, jita ta haɗu. Ya yi ta inda-inda, can ya ce shi ba ya iya riƙe magana, ya gaya wa Wes. Wai zai zo shago ranar Asabar, in na yarda. "In na yarda." Ka ji fa.

Na ce ya zo.

Zan faɗa masa komai. Ubanka maƙaryaci ne. Ban taɓa fushi da kai ba ko na minti ɗaya, shi ya ɗaure min baki, ya je ya shafa min baƙin fenti a wurinka don ya tsira da girmansa. Na maimaita a gaban madubi don kar murya ta ci amanata. Ba zan mutu ɗana yana ɗauka ni ce na ƙi shi ba.

Asabar, 22 ga Oktoba

Wesley ya yi furfura. Ba wanda ya gaya min zai yi furfura. Tafiyarsa ta Arvo ce sak, kafaɗa ɗaya ƙasa.

Ya ce "Mama," ya tsaya can nesa kamar mai jiran a ba shi izini. Na ce matso, ba cizo nake yi ba. Ya yi ƙiba. Hannunsa da kaushi, ashe kafinta ne.

Gaetan ya kwantar da jitocin biyu gefe da gefe a kan tebur. Gaskiyarsa ne, ko makaho ya shafa zai gane. Wesley ya ɗora hannu a kan ta ubansa yana ta zuba. Yadda Baba ya je bikin aurensa, ya tsaya a baya. Yadda Baba ya koya masa dafa gam. Yadda shekarun farko, da ba shi da kowa a ƙasar mutane, zuwan Baba ne kawai ya hana shi faɗawa kogi. Haka ya faɗa, kogi. Ya ce Baba kullum cewa yake, yi haƙuri da uwarka, zuciyarta mai kyau ce, lokaci kawai take so.

Maganar na bakina. Na buɗe baki ma.

Sai ya ce, "Na gode da kika yafe min, Mama."

Na ce, "To. Ya isa. Goge hancinka, gaban mutane muke."

Ba don Arvo na yi shiru ba, kar ma ya ji daɗi a inda yake. Shagon ne ya cika zafi, kuma ga Gaetan tsaye da kunnuwa. Wata rana zan faɗa. Gobe zai zo gida da matarsa da 'yarsu, goben ma ba za ta yiwu ba.

A hanyar dawowa Waino ya ce, "Matar Yaya, in ke kin kasa, ni zan gaya masa gaskiya."

Na ce ya kuskura ya buɗe baki, sauran haƙoran ma sai na zubar.