Haƙorin Lucia

Kafanchan, 12 Satumba 1976

Saja Rufus, mijin ƙanwata,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Yaya Sabon Tasha, yaya aikin gadi?

Na rubuto in yaba maka. Ashe aikin soja har lissafi ya koya maka. Hedimasta ya buɗe bakin 'yarka Lucia ranar ɗaukan 'yan aji ɗaya, ya ce ba ta yi famfara ba, don haka ba ta kai shekara shida ba. Kai kuma ka ƙirga da yatsu, ka ce idan biyar take, kana bariki a Inugu aka yi cikinta. Madalla! Sai ka turo min ƙanwata Hellen da 'yarta da akwati ɗaya, ka rubuta wa dattawan ikilisiya.

Shekarata ashirin ina sayar da awaki. Akuya ake duba wa baki, Saja. Ni na yanke cibiyar yarinyar nan, wata tara bayan hutunka na Kirsimeti.

Yayarka,
Asibi

Sabon Tasha, 27 Satumba 1976

Yaya Asibi,

Na amsa gaisuwa da ladabi. Hedimasta mutum ne mai satifiket, ba shi da riba a ƙarya. 'Ya'yan maƙwabcina biyu, sa'anninta, duk sun yi giɓi. Ranar da na fara ganin yarinyar, har tana gudu da ƙafarta, ban san ranar haihuwarta ba sai abin da kuka gaya min. Dattawa sun sa Hellen horo, ta jira hukuncinsu. Idan haƙori ya faɗi kafin Kirsimeti zan sake tunani.

Naki cikin Ubangiji,
R. Dogara

Kafanchan, 20 Nuwamba 1976

Saja,

Muna lafiya, in ka damu.

Haƙorin ya faɗi ran Talata tana shan rake, na biyu yana girgiza. Na ce ta jefa kan rufi yadda yara ke yi, ta ƙi, wai na Baba ne. Ga shi nan cikin ambulan.

Lahadi tara Hellen tana zama a bencin baya, ana wuce ta da Jibin Ubangiji, matan zumunta suna leƙa bakin 'yarta a bakin rijiya. Ta ce in gaya maka kada ka wahala da aiko mata kuɗin jirgin ƙasa, ta kama rumfa kusa da tawa.

Abu ɗaya ya rage. Ran Lahadi wa zai miƙe gaban jama'a ya wanke ƙanwata, kai ko haƙorin?

Asibi