Inna, Na Hana Gwaggo Falmata Shigowa

Zuwa ga mahaifiyata, bayan gaisuwa ta girmamawa, da roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki.

Inna, na yi abin da ba ki taɓa yi ba. Na rufe wa ƴar'uwarki ƙofa.

Ba ki riski ciwon nan ba. Kansar mama ce. Duk sati uku sai na je Yamai a yi min ƙarin ruwan maganinta, wanda suke kira shimiyo. Yana ƙona ciwon, yana haɗawa da fararen ƙwayoyin jini, masu tare wa jiki cuta. Shi ya sa idan na dawo Damagaram majo, ma'aikacin asibiti, yake zuwa gida ya yi min wata ƴar allura a fatar ciki, kwana biyar a jere, wai don su farfaɗo. Tana sa ƙashin bayana ciwo kamar ana daka shi a turmi.

Likita ya ce kafin su farfaɗo, mura ma tana iya kai ni. Ba ƴan dubiya, ba musabaha. A garin nan fa, Inna! Ke da ko zazzaɓi kika yi sai tabarmi sun ƙare a tsakar gida.

Ranar allura ta uku yayarki Gwaggo Falmata ta taso tun daga Dogo, da furarta a ƙwarya, tana tari. Ina jin muryarta na sa maigidana Malam ya tsayar da ita a zaure. Ta ajiye ƙwaryar ta ce, "A gaya wa Hadiza na ga iyakata." Wata biyu ba ta sake waiwayo ni ba, sauran dangi ma suka ɗauke ƙafa. Na ji haushinsu, wallahi, na kuma ji kunyar kaina.

Da abin ya yi amfani da na daure. Sau uku ana auna jinin, bai tashi ba. Wancan satin likita ya dakatar da shimiyo, ya ce in koma gida in huta. Na gane hutun da yake nufi.

Sai na tura Malam can Dogo ya ba ta haƙuri. Jiya ta zo. Na sa aka buɗe ƙofa, aka shimfiɗa mata tabarmarki kusa da gadona.

Ta ƙi shigowa, Inna. Ashe Malam ya yi mata bayanin allurar a hanya, kuma tarin bai sake ta ba. Na ɗaga murya na ce ta shigo, ba abin da ya rage da tarinta zai ɓata. Ta zauna a zaure tana kuka tana sa min albarka ta bayan bango, har la'asar, motar Dogo ta tashi da ita. Ban ga fuskarta ba, kuma ita kaɗai ta rage mai kama da ke.

Allah Ya jiƙan ki, Ya ba Gwaggo lafiya da wuri, tun ina nan.

Ƴarki,
Hadiza