Yashin Zauren Wasanni

Gaya

Zuwa ga aminina Alhaji Yacuba,

Bayan sallama irin ta Musulunci, ina fatan kana lafiya, kai da Hajiya Mariama da yara. Mu nan sai godiya, ruwan kogi ya fara ja baya.

Ɗanka Mansur, yaron wajena, na cikin 'yan kokowar da aka zaɓa domin wasannin ƙasashe da za a yi nan birninku, a sabon zauren da aka gina. Na ga zauren a tele: rufaffe ne, ƙasansa siminti, yau a buga ƙwallon hannu, gobe a zuba yashi a yi kokowa. Wannan ne ya hana ni sukuni. Ka tuna a zamaninmu ba a kiran 'yan kokowa sai dattijo ya nutsa hannu cikin yashin fage har gwiwar hannu. Mansur kuma a bakin kogi ya koya. In ya ɗaga mutum, yakan bi shi ƙasa da ka, ya bar wa yashi sauran aiki.

Ina roƙonka, ka shiga zauren nan ka nutsa hannunka a madadina. In ka taɓa siminti, ka gaya masa da bakinka. Ni na faɗa masa, ya yi murmushi irin na yaro mai ladabi.

Ka gaida mutanen gida.

Naka har kullum,
Seyni

Gaya

Zuwa ga Alhaji Yacuba,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, yaya ƙafarka, yaya gajiyar zama da Mansur a asibiti? Allah ya saka maka.

Kada ka ƙara neman gafarata. Ka je, masu gadi sun ce ba ka da katin shiga, masaukin 'yan wasa ma ba su bar ka ka kusance shi ba. Gini ne na baƙi, ba a yi shi domin tsoho ya durƙusa ya taɓa ƙasa ba.

Sun iso da Mansur lafiya, yana kwance a bayan mota. Mutanen gari suna ta zuwa yi mini barka, domin bayan abokin karawarsa ne ya fara taɓa ƙasa, kuma nasara tasa ce. Ina amsawa. Lambar yabon na rataye a ɗakin uwarsa, ta juya fuskarta bango. Likitan nan ya maimaita abin da naku ya ce game da ƙashin wuyansa da ya karye a karawar.

Jiya ya nemi a kai shi bakin kogi. Matarsa Nafisa ta shimfiɗa tabarma, ni kuma na tona rami na rufe ƙafafunsa da yashi mai ɗumi har ƙauri. Muka jima muna kallon jiragen masunta. Can ya tambaye ni, cikin ladabi, yaushe zan fara zuba yashin.

Ka sa mu a addu'a.

Amininka,
Seyni