Gammon Na'ibi

Talata, 2 ga Sha'aban 1389
Na'ibi ya kwanta, ƙirji ne. A bakin masallacin unguwar Nuzla na ji. Na dawo na ci tuwona tas, abin da na daɗe ban yi ba.

Juma'a, 5 ga Sha'aban
'Yarsa Zakiya ta zo. Hausarta duk ta gauraye da Larabci. Wai, "Ya ammi, Baba yana kiran sunanka, ya ce kai kaɗai ka rage." Na san abin da yake nema. A ƙungiyarmu ta masu dakon gawayin jirgin ruwa, in mutum ya mutu ɗan'uwansa na aiki ne ke sa masa gammonsa a kan makara, ya kama ƙafa ɗaya ta makarar, ya ce, "Ya sauke." Ba a yarda wani ya faɗa ba sai wanda ya haɗiyi ƙurar. Yau mu biyu ne a duniya, ni da shi.

Na ce mata halas, magana ta ƙare, ta gaida gida.

Lahadi, 7 ga Sha'aban
Bari in rubuta, don yaran yanzu sun ɗauka da mai aka haifi jirgi. A mina muke, wato tashar jiragen ruwa, kwando a ka, daga kwalekwale mu hau katako mu juye a cikin jirgin alhazai. Mu muka haɗa ƙungiyar a ɗakin Rafi'u ƙanena, ni ne mai rubutu saboda na yi allo na kuma yi boko a Sudan. Abu ɗaya muka nema wurin ɗan kwangila: katako biyu a jere maimakon ɗaya ruɓaɓɓe. Ya ƙi. Katakon ya karye da Rafi'u, da kayansa a ka, tsakanin jirgi da kwalekwale. Muka kife kwanduna, muka zauna a rana. Ana gab da ba mu katakon, Na'ibi ya miƙe ya naɗa gammo ya hau. Wasu suka bi shi. Aka ba shi shugabancin lebura, ni aka kore ni.

A kan kabarin Rafi'u muka rantse kafaɗarmu ba za ta taɓa makararsa ba. Sauran sun mutu da rantsuwarsu. Ni ke riƙe da ita.

Alhamis, 11 ga Sha'aban
Tari ya hana ni fita. Har yanzu baƙi nake tofarwa. Ba wanda ya leƙo.

Litinin, 15 ga Sha'aban
Zakiya kuma, da kunu a kwano, da gammon ubanta a ƙunshe. Tsumma baƙi ƙirin, ya ajiye shi duk shekarun nan, maras kunya. Ta ce, "Ya ce in ka ƙi, ka ƙone shi da hannunka." Na ce ta bar shi a ƙasa. Tana fita ta waiwayo, "To kai fa, ammi, wa zai faɗa maka?"

Bakin ubanta gare ta. Kunun dai ya yi daɗi.

Laraba, 17 ga Sha'aban
Na ɗauko kurfoti don in ƙone shi. Ashana ta yi sanyi, ta ƙi kamawa. Naɗin irin na Rafi'u ne, hagu kan dama. Shi ya koya mana duka. Gobe.

Alhamis, 18 ga Sha'aban
Ya mutu da hantsi. Na je ne kawai in ga an fita da shi ba kowa. Jikokinsa suka ɗauka, direbobi da masu shago, kowa da takunsa, makara na tangaɗi kamar za ta kife. Ba a ɗaukar kaya haka. Na daka musu tsawa, su haɗa ƙafa. Wani ya ce, "Yalla, ya jaddi, matsa." Ban matsa ba, na kama ƙafa ɗaya.

Ban yafe ba, Rafi'u, Allah ya sani. Kalma biyu ce kawai, kuma a hankali na faɗe ta.

Kafaɗar dama na ciwo. Iskar teku ce.