Ƙarfe Biyu da Minti Goma

Litinin, 3 ga Maris
Sun manna hotonsa a allon sashen gaggawa. Farfesa, da murmushin nan nasa kamar bai taɓa cin amanar kowa ba. Wai ranar sha biyar za a karrama shi, don bincikensa kan masu haɗarin mota ya kai ƙasashe da dama, har ana koya wa direbobi ɗaure rauni su tsayar da jini kafin a iso asibiti. Bincikensa! Shekara shida ina cike masa fom a tsaye, wani lokaci da jinin mutane a rigata. Allah ya isa.

Laraba, 5 ga Maris
Na sake duba takardar da ya buga. Sunaye bakwai, har da na wanda bai taɓa leƙo sashenmu ba. Ni kuwa ina can ƙasa, cikin "muna gode wa ma'aikatan jinya".

Rubuta lokaci a goshin mai rauni ma ni na fara. Ranar da aka yanke ƙafar wani magidanci don babu wanda ya san tun yaushe aka ɗaure ta, na ce ba za a ƙara ba. Na gaba da aka kawo, na ɗaure, na ɗauki biro na rubuta masa lokacin a goshi. Farfesa ya gani ya ce, "Sista, kanki na ja." Yau sunan abin Tsarin Farfesa.

Asabar, 8 ga Maris
Na sauko da kwalin da na ɓoye kwafin fayiloli a ciki daga kan wadrob. Wata ukun da na yi hutun haihuwa babu wanda ya cike fom. Da na dawo ya dire min fayil ɗari biyu da 'yan kai, ya ce, "Ki kimanta lokutan kawai, Sista." Na kimanta, amma da koren biro, alhali duk sauran da baƙi na cike. Na kuma yi kwafi. Ya ɗauka nas ba ta da wayo.

Na sa kwafin a ambulan ɗin wasiƙa da adireshin mujallar da ta buga takardarsa. Ranar karramawar zan aika, ya karɓi lambar da dama, wasiƙar janyewa ta same shi a hagu.

Talata, 11 ga Maris
Maigidan ya ga ambulan. Ya ce, "In suka janye takardar, ai horon direbobin ma tsayawa zai yi." Na ce shi ya jawo. Ya ce, "Rubutun fa naki ne." Na sani. Na yarda mu faɗi tare, in dai zan ga fuskarsa.

Alhamis, 13 ga Maris
Mun yi kiciɓis da Farfesa a baranda. Ya tsaya yana lalube, ashe sunana ya manta. Daga ƙarshe ya ce in zo jibi da fararen kaya, za a yi hoto. Na ce, "To, ranka ya daɗe." Har haƙorana suka yi tsami don cizo.

Juma'a, 14 ga Maris
Ƙanena, autanmu.

Bayan azahar aka shigo da shi a bayan motar kaya, mota ta kaɗe shi a kan babur. An ɗaure cinyarsa da rawani, an murɗe da sanda. Ban ma fara gane fuskarsa ba, goshin na fara gani: 2:10, da shuɗin biro, rubutu karkatacce. Likita ya duba goshin, ya duba agogo, ya ce, "Akwai sauran lokaci, ku shiga da shi tiyata."

Direban, wani dattijo, yana tsugune a waje. Na ce, "Baba, wa ya koya maka?" Ya ce, "A tasha aka tara mu, 'yata. Aka ce in ka ɗaure ka rubuta. Wai dabarar wani Farfesa ce." Na juya na koma ciki.

Asabar, 15 ga Maris
Ban je karramawar ba. Ina jiyo tafinsu daga ɗakin taro.

Lahadi, 16 ga Maris
Autanmu ya motsa 'yan yatsun ƙafar. Matarsa ta kawo ruwa za ta goge masa goshi, na ce ta bari tukuna. Ta kalle ni kamar na zautu.

Ban yafe wa Farfesa ba, kada ma wani ya ce na yafe. In na mutu a haka, sai mun tsaya da shi gaban Allah.

Baba direba ya zo dubiya. Ɗaurinsa ya yi ƙasa kaɗan, na nuna masa a hannuna. Ya ce ko zan zo tasharsu Asabar in nuna wa sauran. Na ce zan duba.

Ambulan na nan cikin jaka. Yau Lahadi, gidan waya a rufe yake. Gobe kuma ina aikin safe, ba na jin zan samu lokaci.